Jami'ar Bincike ko Jami'ar Koyarwa: Amsa ga Wani Uba a Sakramento

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, na shekara ashirin da biyu ina zaune a birnin Sakramento na jihar Kalifoniya, ina tuƙa babbar mota ina ciyar da iyalina. 'Yata ta fari tana gab da gama sakandare, kuma cikin ikon Allah an ɗauke ta a wurare biyu: Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke nan cikin garinmu. Tana son karanta kimiyyar halittu, burinta ta zama likita. Ni na fi son Davis, domin ita ce mai suna. Ɗayar kuwa a ganina kamar kwalejin ilimi ce ko foliteknik ta wajenmu. Ita kuma ta karkata ga ta cikin gari, tana cewa ta fi araha kuma malamanta sun fi kula da ɗalibai. Takardar tallafin da Davis ta aiko ta nuna sai mun ci bashi. Yarinya ce mai ƙoƙari amma mai kunya, ba ta cika tambaya a aji ba, kuma tana da ƙanne uku a bayanta. Mahaifiyarta ta ce mu biyu mu daidaita. Mako biyu ke nan maganar ba ta motsa ba, ga shi dole mu ba da amsa kafin 1 ga Mayu. Ina neman shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Ina taya ka murna, kai da mahaifiyarta, domin ba a kowane gida ba ne ake zaman shawarar wace jami'a za a ɗauka cikin biyu; a gidaje da yawa ɗayar ma ake roƙon Allah a samu. Allah ya sa wa karatun albarka.

Zan fara da kwatancen da ka yi da kwalejin ilimi da foliteknik, domin ina zaton shi ne ya ɗaure maganar. Ban ga laifinka ba. Duk wanda ya tashi a Najeriya ya san takaicin da mai HND yake ƙunsa idan aka ɗauke shi aiki rana ɗaya da mai digiri, sannan aka tsayar da shi a matakin da ɗan'uwansa zai wuce, kuma ya san mai NCE sai ya koma ya yi digiri kafin a daina yi masa kallon wanda karatunsa bai ƙarasa ba. Uban da ya ga haka da idonsa dole ya ji tsoron kada 'yarsa ta faɗa a gefen da ake rainawa. Sai dai wannan mudun ba da shi ake awo a Kalifoniya ba. Makarantun nan biyu duk digirin farko na shekara huɗu suke bayarwa, hukuma ɗaya ce take tantance ingancinsu, kuma babu makarantar likitanci a Amurka da take ƙin karɓar takardar ɗalibi don ta fito daga jami'ar jiha. Gaskiya ne tushen jami'o'in jihar makarantun horar da malamai ne, wadda ta fi tsufa a cikinsu, ta San Jose, tana ƙirga shekarunta daga 1857. Amma UCLA, wato Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da ake ta kirari da ita ma reshen waccan makarantar malaman ce da aka buɗe a Los Angeles a 1882, sai a 1919 aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Kalifoniya. Ita kanta Davis gonar gwaji ce ta jami'ar Berkeley, ba ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta ba sai a 1959. In tone-tonen asali za a yi, kowa yana da abin da za a tona masa.

Bambancin da ke tsakaninsu na gaske rabon aiki ne, kuma da gangan aka yi shi. A 1960, lokacin da Pat Brown yake gwamna, Clark Kerr kuma yake shugabantar Jami'ar Kalifoniya, jihar ta tsara manyan makarantunta hawa uku. Aka ce Jami'ar Kalifoniya ta ɗebi ɗalibanta daga kashi ɗaya cikin takwas na sama na masu gama sakandare, aka damƙa mata bincike, da digirin digirgir, da karatun likitanci, da lauya, da likitan haƙori, da likitan dabbobi. Aka ce kwalejojin jiha, waɗanda su ne jami'o'in jiha na yanzu irin ta Sakramento, su ɗiba daga kashi ɗaya cikin uku na sama, aikinsu kuma shi ne koyar da ɗaliban digirin farko da na biyu da horar da malamai. Hawa na uku kwalejojin al'umma ne masu shekara biyu, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Daga baya katangar ta ɗan zaizaye: a 2005 an yarda jami'o'in jiha su ba da digirin digirgir a fannin ilimi, kuma a 2025 ta San Diego ta shiga sahun farko na jami'o'in bincike a ƙididdigar Carnegie da ake rarraba jami'o'in Amurka da ita. Duk da haka ƙashin bayan tsarin yana nan yadda aka gina shi, kuma shi ne zai yanke irin ranar da 'yarka za ta riƙa wuni a makaranta.

Ka dubi abin ta wajen malamin, domin ta nan ne aka fi ganewa. Farfesa a Davis, abin da ake duba masa kafin a tabbatar da shi a kujerarsa ko a ƙara masa girma shi ne binciken da ya wallafa, da kuɗin binciken da ya jawo wa jami'a, da ɗaliban digirgir da ya yaye. Saboda haka kwas ɗaya ko biyu yakan koyar a zango, wani zangon ma ba ya shiga aji sam. Takwaransa na Sakramento yakan ɗauki kwas uku ko huɗu a kowane zango, kuma koyarwar ita ce babban abin da ake auna shi da shi. Wannan ba ya nufin na Davis mugun malami ne. Akwai gwanayen koyarwa a can, har akwai waɗanda aka ɗauka musamman don koyarwa. Abin da nake nufi shi ne kowane ma'aikaci yana kai ƙarfinsa inda ladansa yake. A shekarar farko da ta biyu, darussan da duk mai son likitanci sai ya bi ta kansu, wato kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi da fiziks, a babban zaure ake yin su a Davis, ɗalibai ɗaruruwa a zaune, farfesa yana can ƙasa da lasifika. Wanda zai tsaya a kan 'yarka a ɗakin gwaje-gwaje, ya duba aikinta, ya san sunanta, galibi ɗalibin digiri na biyu ne ko na uku da ake biya ya taimaka da koyarwa. Wanda yake shakkar yawan nauyin da waɗannan mataimaka suke ɗauke da shi ya tuna ƙarshen 2022, lokacin da ma'aikatan ilimi kimanin 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, yawancinsu irin waɗannan ɗalibai, suka yi yajin aiki na kusan mako shida, ƙananan azuzuwa suka tsaya, aka rasa masu duba jarrabawa.

Akwai kuma wani abu da iyaye ba su cika lura da shi ba. Davis zango uku take yi a shekara, kowane mako goma, ita kuwa Sakramento zango biyu take yi, kowane kimanin mako goma sha biyar. A zangon mako goma, jarrabawar farko takan zo tun a mako na uku ko na huɗu. Ɗalibin da ya yi tuntuɓe a farko, ya tsaya jin nauyin neman taimako, kafin ya yanke shawarar buɗe baki an riga an kai tsakiyar zango.

Yanzu bari in ba Davis haƙƙinta, domin ba ƙaramin abu ba ne. Jami'ar bincike wuri ne da ake ƙirƙiro ilimin da sauran makarantu suke koyarwa. Mu Hausawa ma mun ci gajiyar irin wannan tsari: marigayi Russell Schuh, wanda ake kira Malam Takalmi, ya yi shekaru masu yawa a UCLA yana nazarin Hausa da Ngizim da Bade da Miya har ya rasu a 2016, kuma da a makarantar da ake ɗora wa malami kwas huɗu a zango yake, da wuya ya sami sukunin yin rabin abin da ya yi. A fannin da 'yarka take so, Davis tana cikin manya a duniya wajen noma da likitancin dabbobi da kimiyyar halittu, tana da makarantar likitanci tata, tana da ɗakunan bincike masu yawan gaske, kuma kowace shekara tana tura ɗalibai masu neman likitanci da yawansu ya ninka na Sakramento nesa ba kusa ba, don haka masu ba da shawara a can sun san hanyar ciki da bai. Ɗalibar da ta shiga ɗakin binciken wani farfesa tun tana shekara ta biyu, ta yi shekara uku tana aiki a gefensa, har sunanta ya fito a takardar da aka wallafa, ta sami abin da yake da wuyar samu a wani wuri. Abokan karatu ma wani arziki ne. Zama cikin waɗanda duk suka fito a sahun gaba na makarantunsu yana ɗaga mutum.

Sai dai duk wannan alherin ba a bin ɗalibi da shi har kujerarsa. Shi yake tashi ya nema: ya rubuta wa farfesoshi goma wasiƙa, takwas su yi shiru, ɗaya ya ce babu gurbi, ya sake rubutawa, ya je ofishin malami a sa'o'in da aka keɓe don ganin ɗalibai, ya zauna ya ce ban gane ba, ya jure zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan da duk likitanci suke so kuma duk gurbin nan ɗaya suke hari. Ɗalibin da bai yi haka ba yakan gama shekara huɗu a jami'ar bincike bai taɓa shiga binciken ba, ya biya kuɗin abin da bai ci ba, ya fita da takarda mai suna amma babu farfesa ko ɗaya da zai iya rubuta masa shaidar da ta wuce cewa ya zauna a ajinsa ya sami maki kaza.

A nan ne maganar kunyarta ta zama babba a wajena, fiye da yadda ka ɗauke ta a wasiƙarka, inda ka ambace ta kamar a gefen zance. Kunyar nan mu muka koyar da ita. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu, musamman mata, kada su haɗa ido da babba, kada su katse shi, kada su nuna ya faɗi abin da ba su gamsu da shi ba, kuma a gida wannan ado ne. A jami'ar Amurka kuwa malami yana fassara shirun nan da cewa ɗalibar ta gane ko kuma ba ta damu ba. A ajin mutum talatin ko arba'in, malamin da koyarwa ce sana'arsa yana iya lura da yarinyar da takardunta suke kyau amma ba ta magana, ya kira ta, ya ce ta zo ta taya shi wani aiki. A ajin mutum ɗari huɗu wannan sai an yi sa'a. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba shi ne malaman kimiyya na jami'o'in jiha su ma suna bincike gwargwadon hali, kuma tun da yawancinsu ba su da ɗaliban digirgir, sau da yawa ɗalibin digirin farko ne hannun damansu, shi yake riƙe kayan aikin da kansa maimakon ya tsaya wankin kwalabe. Binciken ya fi ƙanƙanta, kuɗinsa ma haka, amma rabon ɗalibi a cikinsa yakan fi girma.

Kada kuma ka ɗauka ina zana maka Sakramento kamar makarantar allo ta ƙofar gida inda malam ya san kowa da iyayensa. Ɗalibanta sun kai kimanin 30,000, na Davis kimanin 40,000, ka ga ratar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma darussan shekarar farko a can ma sukan cika. Da yawa daga masu koyarwa a jami'o'in jiha malaman kwantiragi ne, wasu suna zirga-zirga tsakanin makarantu biyu ko uku don haɗa abin masarufi, ba su da lokacin zama da ɗalibi yadda za su so. Sannan akwai wani adadi da ya kamata ka sa a gabanka: a Jami'ar Kalifoniya kimanin bakwai cikin goma na sababbin ɗalibai suna gamawa cikin shekara huɗu, a jami'o'in jiha kuwa ba su wuce ɗaya cikin uku da ɗan ɗori ba. Dalilan sanannu ne. Ɗaliban jiha da yawa suna aiki suna karatu, suna ɗauke da nauyin gida, suna rage yawan darussan da suke ɗauka, wani lokaci kuma darasin da suke buƙata ya cika kafin layi ya zo kansu. Digirin jami'ar jiha yana buƙatar awon darussa (units) 120, wato 15 a kowane zango har zango takwas. Wanda yake ɗaukar 12 a zango ya riga ya sa hannu a kan shekara ta biyar ko da bai sani ba. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Idan ta zauna a gida, aka ci gaba da ɗora mata kai ƙanne makaranta da girkin dare da raka mahaifiyarta asibiti don ita ce babba kuma ga ta a kusa, arahar da ake nema za ta zube a shekarun da za su ƙaru da makin da zai ragu.

Mu koma ga burin nata. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare kamar yadda ake yi a gida. Sai an yi digirin farko, a zauna jarrabawar neman shiga likitanci da ake kira MCAT, a yi shekara huɗu a makarantar likitanci, sannan a yi aƙalla shekara uku na horo a asibiti. Masu ɗaukar ɗalibai suna duba makin da aka tara, musamman na darussan kimiyya, da sakamakon MCAT, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san ɗalibin, da lokacin da ya yi yana hidima kusa da marasa lafiya, da bincike idan akwai. Sunan jami'a yana da ɗan tasiri, ba zan ce ba shi da shi ba, amma ba ya ceton makin da ya lalace a shekarar farko, kuma maki mai kyau daga jami'ar jiha haɗe da MCAT mai ƙarfi yana buɗe ƙofa. Wani abin da zai ba ka sha'awa shi ne babban asibitin koyarwa na Davis ba a garin Davis yake ba, a cikin Sakramento yake, tafiyar 'yan mintoci daga jami'ar da 'yarka take so, ga kuma sauran manyan asibitocin birnin. Wurin aikin sa-kai da ganin yadda likitoci suke aiki yana bakin ƙofarta. Idan bincike mai zurfi take so ta ɗanɗana, Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa tana ɗaukar nauyin shirye-shiryen bazara na kimanin mako goma a manyan jami'o'i, ana biyan ɗalibi, kuma an tsara su ne har da nufin jawo waɗanda makarantunsu ba su da yalwar bincike, muddin ɗalibin ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin.

Sai maganar kuɗi. A 'yan shekarun nan kuɗin karatu na ɗan jiha a Jami'ar Kalifoniya ya haura dala 14,000 a shekara, na jami'ar jiha kuwa kusan rabin haka ne, amma kada ka tsaya a kan waɗannan. Tallafin gwamnatin jihar da ake kira Cal Grant, ga wanda ya cancanta, yana biyan ainihin kuɗin karatun a kowace cikin biyun, kuma Jami'ar Kalifoniya tana da nata tallafin da ya fi na jiha kauri, har wani lokaci ɗan talaka yakan tarar da mai tsadar ta fi masa sauƙi. Abin da yake kumbura lissafi shi ne ɗaki da abinci, waɗanda sukan kai kuɗin karatun ko su zarce shi. Ka sake ɗauko takardar da suka aiko ka duba ko giɓin da ka gani an lissafa shi ne a kan za ta kwana a makaranta. Tsakanin Sakramento da Davis mil goma sha biyar ne kacal, ana iya zuwa a dawo, ko da yake hanyar tana cunkushewa safe da yamma, kuma mai zuwa daga gida a jami'ar da yawancin sababbin ɗalibanta a ciki suke kwana takan ji kamar baƙuwa. Ka nemi ofishin tallafi su ba ka lissafin mai zama gidan iyaye, ka cire duk abin da aka rubuta da sunan rance ko aikin da za ta yi a biya ta, domin sukan jera su tare da kyauta kamar abu ɗaya ne, sannan ka ajiye adadin da ya rage na makarantun biyu gefe da gefe.

Idan bashin ya tabbata, ka san irinsa. Rancen gwamnatin tarayya da ɗalibar shekarar farko za ta iya ɗauka da sunanta bai wuce dala 5,500 ba, kuma a ciki dala 3,500 ne kawai za su iya zama irin wanda gwamnati take ɗauke kuɗin ruwansa muddin tana makaranta. Abin da ya haura wannan yawanci da sunan uba ake ɗauka, ruwansa ya fi yawa, kuma yana fara taruwa tun ranar da aka fitar da kuɗin. Hukuncin riba a irin wannan hali ka kai shi gaban malaman da ka amince da su, ba hurumina ba ne. Abin da zan iya faɗa maka shi ne wanda ya gama likitanci da bashi a Amurka yakan fita da kimanin dala 200,000 a wuyansa, saboda haka mai wannan doguwar tafiya a gabansa bai kamata ya fara ɗaukar kaya tun daga zangon farko ba, balle kai da kake da uku suna tafe.

Bisa abin da ka faɗa mini, ra'ayina ya fi karkata ga na 'yarka. Yarinya mai ƙoƙari, mai kunya, mai son likitanci, 'yar gidan da bashi zai yi masa nauyi, ta fi kusa da samun maki mai kyau da malaman da suka san ta a jami'ar koyarwa, da sharaɗin ta ɗauki cikakken nauyin darussa kowane zango, ku kuma ku ɗauke ta a matsayin wadda ta tafi makaranta ko da tana kwana a ɗakinta. Abu biyu ne za su sa in sauya magana. Na ɗaya, idan lissafin ya nuna ratar kuɗin ba ta taka kara ta karya ba. Na biyu, idan aka bincika aka tarar abin da yake burge ta a kimiyyar halittu shi ne binciken kansa, tana son sanin dalilin cuta fiye da zama da mai cutar, likitancin kuwa ta faɗe shi ne don shi ne sunan da take jin ana yabo a gida. Mai irin wannan zuciya Davis ce wurinta, kuma ya kamata a san haka tun yanzu, domin komawa Jami'ar Kalifoniya daga jami'ar jiha yana da wuya. Ɗaliban kwalejojin al'umma ake fifitawa wajen canjin makaranta.

Akwai kuma tambayar da kai ba za ka iya samun amsarta ba, mahaifiyarta ce za ta iya. 'Yar fari da ta tashi tana ganin mahaifinta yana kwana a hanya takan iya lissafin gida fiye da yadda ake zato, kuma ba abin mamaki ba ne ta ce ta fi son mai araha alhali zuciyarta tana ɗayar, don kawai kada ta zama sanadin bashi. Haka kuma yana yiwuwa tsoro ne ya sa ta laɓe a bayan maganar araha. Idan kai ka tambaye ta, amsar da take ganin za ta sauƙaƙa maka za ta ba ka. Ka roƙi mahaifiyarta ta fito daga shirun da ta yi, ta zauna da ita su biyu, ta tambaye ta inda za ta zaɓa da a ce kuɗin ɗaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi ta hanyar da zai iya faɗa. Kai kuma ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, nawa ne daga cikin son da kake yi wa Davis don ita, nawa ne kuma don abin da za ka faɗa idan an kira ka daga Katsina. Ba abin kunya ba ne uba ya so a yi alfahari da 'yarsa, amma dangin da za su ji sunan jami'ar a waya ba su za su zauna jarrabawar sinadarai ba, ba kuma su za su biya rancen ba, kuma yawancinsu ba za su ma rarrabe sunayen biyu ba tun da duk Kalifoniya ce a ciki.

Kafin 1 ga Mayu ka ɗauki hutun kwana biyu, ku je makarantun a ranar karatu, ba ranar bikin tarbar baƙi ba da ake share ko'ina a fito da mafi kyawun fuska. Ku nemi izini ta zauna a ajin sinadarai na shekarar farko a kowace, ta ga girman zauren da idonta. A ofishin masu ba wa masu neman likitanci shawara ku tambayi ɗalibai nawa suka nema bara, nawa aka ɗauka, kuma ɗalibi yakan jira kwana nawa kafin ya ga mai ba da shawara. A sashen kimiyyar halittu ku tambayi ko sababbin ɗalibai suna samun gurbi a darussan dole a zangonsu na farko, da kuma yadda ɗalibin shekara ta biyu yake shiga ɗakin bincike. Ku nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta kowace makaranta, ta yi hira da 'yan matan da suka riga ta shiga wannan fanni, domin su ne za su gaya mata abin da ofis ba zai faɗa ba. Ka bar ta ita ta yi tambayoyin, kai ka tsaya daga baya ka lura. Idan a Davis ta iya tsayar da baƙon malami ta gabatar da kanta, ka sami wata shaida da za ka sa a ma'auni. Idan ta kasa, ka sami wata. Duk inda aka tsaya a ƙarshe, ka gaya mata da bakinka cewa ka yarje mata ta ƙwanƙwasa ƙofar malamanta, ta ce ba ta gane ba, ta yi musu jayayya cikin ladabi, domin mai yiwuwa ba ta taɓa jin wannan izinin daga gare ka ba. Bayan haka ku yi istihara, ta shiga shafin makarantar da ta zaɓa ta tabbatar musu da kanta, kuma kada ku bari sai daren ranar ƙarshe, saboda mai yiwuwa akwai kuɗin kama gurbi da za a biya a lokacin, sai dai in an yafe mata shi.